Tsohuwar garkar gado a bakin Gulbi: ta yaya za a ceci irin itatuwan?

Ɗan Gulbi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen masana aikin garka. Gidanmu na da garkar gado cikin fadamar Gulbi, tsakanin Maraɗi da Tibiri, wajen rabin hekta. Akwai manyan mangwaro goma sha ɗaya, lemun tsami, gwaba, da wasu itatuwa biyu da mutanen gida ke kira tuffa.

Biyu daga cikin mangwaron ɗiyansu ba su da zare ko kaɗan, ƙwallon siriri ne, kuma ba a ganin irinsu a kasuwa. Ɗayan ya fara bushewa daga sama, kauci ya cika shi, gara ta hau gindinsa. An sha shuka ƙwallonsa, abin da ya fito kuwa mai zare ne, ɗanɗanon ma daban.

Me ke kawo haka, kuma ta yaya za a riƙe irin kafin iccen ya mutu? Sannan waɗancan biyun, tuffa ce da gaske? Ana cewa a ƙasashen Turawa akwai tsofaffin gidajen gona da tuffarsu ta haura shekara ɗari kuma har yau ana cin irinta. Wace dabara suke yi?

Tsohon Gandun Daji

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da tuffar don ita ce mai sauƙi.

Tsinko ganye ɗaya ka duba. In jijiya uku ce ta taso tun daga gindin ganyen, bayansa fari-fari mai laushi, ga ƙaya jefi-jefi a reshe, to magarya ce aka yi wa aure, wato aka ɗora reshen wani iri kan gindinta. Fasa ɗan kuma: ƙwallo ɗaya mai tauri a tsakiya, magarya. Tuffa ta gaske in ka raba ta a kwance, ɗakuna biyar za ka gani, kowanne da ƙananan iri masu duhu. Furenta babba ne, fari da ɗan ja-ja. Na magarya ƙanana ne kore-kore, a hammatar ganye, wajen Satumba da Oktoba.

Na fi zaton pom ɗin Sahel ce. Manyan magarya ne na Indiya, irin su Gola, Umran, Seb da Kaithali, waɗanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa a farkon shekarun 2000. In haka ne, gindin yana iya zama tsohuwar magaryar daji tun zamanin kakanku, saman kuwa wani ne ya ɗora daga baya. Kulawarta ba ta da wuya: a sassake ta sosai a bazara, Afrilu zuwa Mayu, domin sabon reshe ne ke haihuwa, kuma a cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren. In an bar shi, cikin shekara biyu ko uku zai danne na sama, a koma cin ƙananan magarya ana cewa iccen ya lalace.

Abin da ke hana tuffa zama a nan sanyi ne. Yawancin irinta sai sun samu awa 800 zuwa 1,000 na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin idanun reshe su farka su yi fure. Hunturunmu da muke kuka da shi, da wuya ya sauka can. Akwai masu ƙaramar buƙata, Anna ta Isra'ila da Dorsett Golden ta Bahamas, awa 200 zuwa 300 sun ishe su, shi ya sa suke yi a tuddai irin na Jos. A Batu ta Indonesiya ma ganyen suke zagewa da hannu bayan girbi don tilasta fure, amma can kan dutse ne mai sanyi. Maraɗi ba ta kai mita 400 daga teku ba, ga zafin Afrilu sama da digiri 40. Wanda ya sayar maka da dashen tuffa a leda ya ce za ta cika kwando a Gulbi, kuɗinka yake so.

Batun na Turawa kuwa, dabararsu ita ce amsar mangwaronka. Asalin tuffa duwatsun Kazakistan ne, wajen birnin Almati. Ba ta yarda da garin furenta, sai na wata, don haka kowane ƙwayar iri sabon abu yake fitarwa, kuma mafi yawansu masu tsami ne. Mutanen da suka fara kafa gidajen gona a Amurka iri suka riƙa shukawa da yawa. A Ohayo a 1792 har sharaɗi aka gindaya wa mai son filin kyauta: ya dasa tuffa 50 cikin shekara uku. Cikin dubban nan ne jefi-jefi ake dacewa da mai daɗi, sai a yanki reshenta a ɗora kan wani gindi. Koriyar nan mai tsami da ake kawowa cikin kwali, Granny Smith, daga icce ɗaya ta fito kusa da Sidni ta Ostareliya a 1868. Rawayar, Golden Delicious, icce ɗaya ce a wata gona ta Yammacin Bajiniya, kamfanin Stark ya saye ta a 1914. A Ingila wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka iri a garin Southwell a 1809. A 1856 wani mai renon dashe ya nemi izini ya yanki rassa, daga nan duk tuffar da ake kira Bramley a duniya ta fito. Uwar ta haura shekara 200.

Su ma tsofaffin nasu da suka daɗe, kan gindin iri suke, mai zurfin saiwa. Na zamani da ake ɗorawa kan gajeren gindi suna haihuwa da wuri, amma shekara ashirin da ƴan kai sun gaji.

Saboda haka kada ka sake ɓata lokaci kan ƙwallo. Reshe za ka ɗauka, kuma bana, kafin a taɓa iccen da zarto.

Mai Garka Jiratawa

Baba ya gama magana kan tuffa. Ni kan aikin hannu zan tsaya.

Malam, ka fasa ƙoƙon ƙwallon ka duba cikinsa. Mangwaron gida mai zare, cikin ƙwallonsa kashi-kashi yake, yana fitar da tsiro uku, huɗu ko fiye, kuma kusan dukkansu uwar suke maimaitawa. Shi ya sa ake ganin kamar ƙwallo ba ya canza iri. Marasa zare kuwa yawanci ciki ɗaya ne dunƙule, tsiro ɗaya, kuma ɗan iyaye biyu ne: rabi uwar, rabi iccen da ƙuda ya kwaso garin furensa. Tunda kewaye da naka duk masu zare ne, ka ga inda zaren ya fito.

Gindi tukuna. Ka tara ƙwallon mai zare na nunanne, ka wanke, ka bar shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu a inuwa, ka buɗe ƙoƙon da almakashi ba tare da ka ji wa cikin ciwo ba. Kada ya wuce mako bai shiga ƙasa ba, ƙwallon mangwaro ba ya ajiyuwa. Leda mai tsawon santimita 30, a huhhuda gindinta, a cika da rairayi kashi biyu, ƙasar fadama kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A sa shi a tsaye kan gefensa, doron na sama, zurfin santimita 2 zuwa 3. Mako biyu zuwa uku zai fito. A bar tsiro ɗaya mai ƙarfi. Yana kai kaurin fensir cikin wata takwas zuwa shekara.

Tunda iccenka ba shi da lokacin jira, kada ka tsaya reno. Sayi gindi ashirin da suka riga suka kai wajen masu dashe, waɗanda ba a yi wa aure ba. Ashirin na ce domin hannun da bai saba ba, in rabi ya kama ya gode Allah.

Reshen da za a ɗora: ƙarshen reshe wanda ganyensa ya riga ya yi kore shar, ba jan toho ba, idon kansa ya kumbura amma bai fashe ba. Daga gefen da rana ke bugu, nesa da kauci. Kwana bakwai zuwa goma kafin ranar aiki, ka yanke ganyensa yana kan uwar, ka bar guntun wuyan ganyen. Ranar da ka taɓa guntayen suka zube da kansu, ya yi. Ka yanke shi da sassafe, tsawon santimita 10 zuwa 15, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka yi aikin a ranar.

Auren kansa: yanke kan gindin a tsawon santimita 20 zuwa 25, inda jikin ke tsakanin kore da toka-toka, ka bar ganyen ƙasa. Tsaga shi a tsakiya, zurfin santimita 3 zuwa 4. Fiƙe gindin reshen gefe biyu, tsawon daidai da tsagar, kowane gefe da ja ɗaya na wuƙa. Cusa shi. Inda aikin yake shi ne siririn koren nan da ke tsakanin ɓawo da itace: na reshen sai ya haɗu da na gindin. In kaurinsu bai zo ɗaya ba, kada ka sa shi a tsakiya don ya yi kyau a ido, tura shi gefe guda ɓawo ya hau ɓawo. Ɗaure da zirin leda mai faɗin santimita 2, daga ƙasa zuwa sama, tam. Kifa masa ledar ƙanƙara, ka ajiye a inuwa.

Mako biyu zuwa uku ido zai fashe. Ganye na taɓa ledar, a cire ta da yamma. Ɗaurin kuwa sai bayan wata biyu zuwa uku. In aka manta shi yana shaƙe wuyan, iska ta karya shi nan. Duk tohon da gindin ya fitar a murje shi da yatsa.

Abin da ke kashe aure: wuƙa marar kaifi, don tana murƙushe nama; taɓa wurin yankan da yatsa; jinkiri har ƙaron mangwaro ya bushe a kai; ruwa ya shiga tsagar lokacin ban ruwa. Reshen da ya yi baƙi daga sama cikin mako guda, bushewa ce ko rana. Wanda ya yi baƙi daga ƙasa da fumfuna, ruwa ne. A goge wuƙa da alkol tsakanin icce da icce.

Lokaci: daga faɗuwar damana, Yuni da Yuli, sai kuma Satumba. Tsakiyar Agusta ruɓa ta yi yawa. Hunturu da bazara kuwa asarar reshe ce.

In iccen ya tsufa har ba ya toho mai kyau, datse reshe ɗaya mai kaurin damtse a gefe mai lafiya da farkon damana. Zai fesa sababbi, bayan wata uku zuwa huɗu ka samu abin ɗauka. Dashen aure na haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, amma furen shekara biyun farko a zubar da shi.

Malama ta Tarna

Sannunku da aiki. Alhaji na Jiratawa, abu ɗaya zan ƙara: kada dashen duka su zauna garka ɗaya. A raba wa ƴan uwa a wuri biyu ko uku. Ambaliya ɗaya ko injin da ya lalace a Afrilu na iya share su gaba ɗaya.

Malam Ɗan Gulbi, kafin komai ka duba gindin itatuwan biyu tsakanin ƙasa da ƙugu. Wanda aka yi wa aure yakan bar alama ko bayan shekara hamsin: kumburi, ko zobe, ko ɓawon sama ya bambanta da na ƙasa.

In akwai alamar, to sanannen iri ne, kuma ana iya gane shi. Amélie, wadda wasu ke kira Gwamna, daga tsibiran Antil ta zo, ta bazu ta Mali. Ita ke fara nuna, ɓawonta kore ne mai komawa rawaya, cikinta ruwan lemu. Sauran na Fulorida ta Amurka ne, suka shigo Afirka ta Yamma ta tashoshin bincike na zamanin Faransa, musamman Fulaya ta Gini. Haden ƙwallo ne da aka shuka a 1902, ja ne sosai, da ɗan zare. Kent na shekarun 1930, babba, kore da ja a kafaɗa, ba zare. Keitt shi ke zuwa ƙarshe, yana nuna yana kore. Ka lura, su ma ukun nan kowanne icce ɗaya ne a bayan gidan wani. Ka kai ɗiya uku nunannu da reshe mai ganye cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ko sashen noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a duba.

In kuwa ba alamar aure, ga shi ba zare, ga ƙwallo ciki ɗaya, to wani ya sha mai aure ya shuka ƙwallon aka dace. Ma'ana babu irinsa ko'ina a duniya sai nan. Wannan ya fi Kent daraja a wajena, don Kent ko ta mutu a garkarku tana nan a dubban garake.

Shekarunsa kuma kada a ce za a ƙirga zoben cikin gungume, na mangwaro ba ya faɗin gaskiya. Tsofaffi za a tambaya, kuma ba da lambar shekara ba. A tambaye su da abin da ya faru: kafin ambaliyar 1945 da ta sa gari ya hau tudu ko bayanta, zamanin cinikin gujiya, kafin ƴancin kai na 1960, ko iccen ya riga ya fara haihuwa lokacin yunwar El Buhari a 1984. A tambayi mata musamman, su suka san wanda ke fara nuna da wanda ke ruɓewa da wuri. A ɗauki muryarsu a waya, a zana taswirar garka a littafi, kowane icce da lambarsa da fenti, da sunan da gida ke kiransa. Dashen ma kowace leda da lambar uwarta, don ganyen mangwaro a leda duk ɗaya ne a ido.

Ɗan Gulbi

Allah ya saka da alheri, Baba, Alhaji, Malama. Ganyen jijiya uku ne, magarya ce. Mangwaron, ɗaya na da kumburi daidai gwiwa, mai bushewar kuwa sumul yake, ƙwallonsa ciki ɗaya. Yanzu shi kansa tsohon fa? Wasu na cewa a sare shi daidai ƙirji ya sake toho.

Na Madarunfa

Kul, Malam. Saran nan na daidai ƙirji ana yinsa ga icce mai ƙarfi da ake son canza wa iri. Mai rauni in ka raba shi da ganyensa gaba ɗaya, saiwa ta rasa abinci, rana ta ƙone ɓawo, gara ta ƙarasa. Ba a taɓa shi sai dashen sun kama sun yi toho na biyu.

Bayan nan a bi shi a hankali, shekara uku. Shekarar farko busassun rassa da kauci kawai. Kauci ba a fizge shi, saiwarsa na cikin naman reshen. A yanke reshen santimita 30 zuwa 50 ƙasa da kumburin kaucin, a duba yankan, in da sauran ɗigon saiwarsa a ƙara sauka. A cire na maƙwabtan itatuwa ma, tsuntsu ne ke kai shi. Shekara ta biyu a buɗe tsakiya rana ta shiga. Ta uku a rage tsawo. Kowace shekara kada abin da aka cire ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Lokacinsa bayan an gama tsinka, farkon damana.

Babban reshe yanka uku ake masa: ɗaya daga ƙasa, taƙi biyu daga jikin iccen, har sulusin kauri, na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, reshen ya faɗi, na uku a cire guntun dab da wuyansa, ba a shafe wuyan ba. Da zarto, ba gatari ba. Sara ɗaya daga sama shi ke sa reshe ya tsage ɓawo har gindi. A shafe yankan da kwaɓin tutiya mai shuɗi, wato sulfat na tagulla: giram 100 da farar ƙasa giram 100 cikin lita ɗaya ta ruwa, kowanne a jiƙa shi daban a roba sannan a haɗa, ba a bokitin ƙarfe ba. Rassan da suka fito rana a shafa musu farar ƙasa.

Gara kuwa yawanci ba ita ta fara ba, ta tarar da mataccen itace ne. A kankare gininta, a nemo shurin, a janye kara da ɗanyen taki daga gindi. Kogon da ke jiki kada a cika shi da siminti, laima yake riƙewa.

Ni ina ganin ƙishirwa ce tushen ciwon. Bushewa daga sama alamarta ke nan. Tun da aka gina madatsar Jibiya, Gulbi ba ya malala fadama kamar da, ga injuna ko'ina suna zuƙa. Iccen da ya girma saiwarsa cikin ruwa, yau ruwan ya gudu ya bar shi. Ka auna zurfin rijiyar garkar a Mayu ka tambayi tsofaffi inda take da. Kuma ban ruwa a jikin gindi aikin banza ne, ƙananan saiwoyin da ke sha suna daidai inda inuwa ta ƙare. Nan za a yi kwari zagaye, faɗin mita ɗaya, zurfin bai wuce santimita 15 ba don kada a datse saiwa. A zuba ruɓaɓɓen taki baro biyu zuwa uku da farkon damana, a cika kwarin da ruwa sau ɗaya a mako daga Fabrairu har ruwan sama ya sauka. Masu lafiya ana yanke musu ruwa daga Oktoba har fure ya fito, don ƙishirwar ce da sanyi ke sa su fure. Wannan marar lafiyar ban da shi, a ci gaba da ba shi ko da ba zai haihu bana ba.

Mai Garka Jiratawa

Haka ne, Malam. Sai dai ku tuna da ƙudan mangwaro, wanda ya shigo Afirka ta Yamma wajen 2004. Marasa zare ya fi so, musamman masu kaiwa damana. Duk ɗan da ya faɗo a tsince shi kullum, a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana kwana uku, ko a binne zurfin rabin mita. Wanda aka bari a ƙasa, tsutsar na fita ta shige rairayi, cikin mako biyu ta taso ƙuda.

Mai kumburin gwiwar nan kuma ka duba ko wani reshe ya taso ƙasa da kumburin. In akwai, na gindi ne, mai zare. Kada a ɗauki reshen aure daga gare shi, a yanke shi.